Gilashin da bai ɗauki rini ba: nazarin kuskuren gwajin kansar mama a Newfoundland

A shekarar 2002 aka tabbatar wa wata mata a lardin Newfoundland da Labrador, can gabashin Kanada, cewa tana da kansar mama, wato ciwon dajin nono. An yanki tsokar an kai ɗakin gwaje-gwaje na birnin St. John's, sakamako ya fito cewa kansarta ba ta da makarɓar istirojin, wato furotin da ke karɓar sinadarin mata mai suna istirojin, wadda likitoci ke taƙaitawa da ER. Duk likitan kansa da ya ga wannan takarda ya san abin da take nufi: kada a wahalar da matar da tamoxifen, maganin da ke hana kansa cin moriyar istirojin, don ba abin da zai yi mata. Aka bi wasu hanyoyin magani, cutar kuwa ta ci gaba da yaɗuwa. A farkon 2005, da dabara ta fara ƙarewa, likitocinta suka tuntuɓi wani ƙwararre a asibitin kansa na Memorial Sloan-Kettering da ke New York. Shi ne ya tsaya a kan abin da kowa ya wuce. Irin kansar da take da ita, wadda ke tasowa daga jakunkunan da ke haɗa ruwan nono, kusan tara cikin goma tana da ER. Ruwa ba ya tsami banza, ya ce a sake gwajin. Aka ɗauko tsohuwar tsokarta da ke ajiye cikin kakin farafin tun shekara uku baya, aka sake rina ta a kan gilashin gwaji, sai ga ER a fili. An fara ba ta maganin da ya kamata ta samu tun farko, amma ta rasu cikin wannan shekarar.

Daga wannan gilashi ɗaya aka buɗe ɗaya daga cikin manyan ɓarnar ɗakin gwaje-gwaje da aka taɓa bincika a bainar jama'a. Ni da aikina ke gaban teburin yankan tsoka, ban san wani lamari da ya fi wannan nuna ƙarfin antibodi, abin da ake gano ER da shi, da kuma rauninsa ba, shi ya sa na ga ya dace a zayyana shi daki-daki.

Abin da antibodi ke nema a cikin tsoka

Kowace ƙwayar halitta a jikin mutum tana ɗauke da ƙwayoyin gado iri ɗaya. Abin da ya bambanta ƙwayar hanta da ta nono shi ne waɗanne ƙwayoyin gado ne ke aiki, waɗanne ne ke kwance. Wadda ke aiki takan sa a ƙera furotin nata. Ƙwayar gadon da ake kira ESR1, wadda ke kan kuromosom na 6, ita ce ke ba da umarnin ƙera makarɓar istirojin, furotin da ke zaune a cibiyar ƙwayar halitta yana jiran sinadarin istirojin. Idan kansa tana ƙera wannan furotin, to da istirojin take girma, kuma ana iya yanke mata abinci. Tamoxifen na shekara biyar yana rage mace-macen masu irin wannan kansa da kusan kashi ɗaya cikin uku a tsawon shekara 15. Ga wadda kansarta ba ta da ER kuwa, amfaninsa kusan babu. A ƙasashen Turai da Amurka ta Arewa, kusan uku cikin huɗu na kansar mama suna da ER.

Matsalar ita ce furotin ba ya ganuwa a madubin likita. Dole a sami abin da zai neme shi ya maƙale masa, ya kuma bar alama. Nan antibodi ya shigo. Asalinsa makami ne na garkuwar jiki, kowane iri yana gane wani ɗan gurbi guda a jikin furotin guda, kamar makulli da ɗansa. Albert Coons ne ya fara liƙa wa antibodi sinadari mai ƙyalli a 1941 don ya ga inda ya maƙale a cikin tsoka. A 1975 Georges Köhler da César Milstein suka gano a Cambridge yadda za a riƙa samar da antibodi iri ɗaya tak, komai yawansa, daga zuriyar ƙwayar halitta guda. Daga nan ya zama haja da ake zubawa a ƙananan kwalabe, kowace da lambar zuriyarta. Na ER da aka fi sani su ne 1D5 da 6F11, waɗanda aka samo daga ɓera, da SP1 da aka samo daga zomo.

Ga yadda aikin yake a kan tebur. Ana jiƙa tsoka a fomalin don kada ta ruɓe, a tsotse ruwanta, a zuba ta cikin kakin farafin ta daskare, a fere ta da injin yanka ta zama sirara kamar maikiron 4, wato ta fi gashin kai siranta sau da yawa, a shimfiɗa a kan gilashi. Fomalin yana adana tsoka, amma yana ɗaure furotin da junansu har gurbin da antibodi ke nema ya ɓuya. Don haka sai an dafa gilashin a cikin wani ruwan sinadari don gurbin ya sake buɗewa, dabarar da ta bazu bayan 1991. Sannan a ɗiga antibodi na farko, a wanke, a ɗiga na biyu wanda ke kama na farkon yana ɗauke da enzayim, wato furotin mai sa sinadari ya sauya, a ƙara sinadarin DAB wanda enzayim ɗin ke sauya wa launi. Duk inda antibodi ya maƙale sai wurin ya koma ruwan ƙasa. Daga ƙarshe a bi da shuɗin rini mai suna hematoksilin don a ga sauran ƙwayoyin. Likitan binciken tsoka ya leƙa: cibiyoyi masu ruwan ƙasa suna da ER, shuɗaye ba su da shi.

Duk wanda ya taɓa tsayawa a marina ya san zane yakan fito fari saboda dalili biyu: ko an ɗaure wurin da gangan don kada ya sha baba, ko kuma baban ne ya mutu. A gilashin ER ma haka ne. Kansar da ba ta da ER shuɗiya take fitowa. Kansar da take da ER amma tsokar ta kwana ba fomalin, ko ba a dafa gilashin yadda ya kamata ba, ko an tsinka antibodin fiye da kima, ita ma shuɗiya take fitowa, kuma ido ba ya raba su. Kusan duk kuskuren da za a yi a wannan sarƙa gefe ɗaya yake turawa, gefen "babu". Gwajin da ya lalace ba ya ihu. Kyakkyawan gilashi yake bayarwa, tsaf-tsaf, wanda za a sa wa hannu a aika.

Maganin wannan shi ne shaida, kuma iri biyu ce. Ta waje ita ce guntun tsokar da aka riga aka san tana da ER, a rina ta tare da ta mara lafiya. Ta ciki kuwa ta fi daraja: a gefen kansar yawanci akwai lafiyayyun bututun nono, kuma wasu daga ƙwayoyinsu dole su nuna ER. Su ne suka sha fomalin ɗaya, zafi ɗaya, antibodi ɗaya da kansar. Idan na ga kansa shuɗiya, sai in zame gilashin zuwa gefe in nemi bututu mai lafiya. In na ga ɗigo-ɗigon ruwan ƙasa a jikinsa, hankalina ya kwanta. In shi ma shuɗi ne fes, to abin da ke gabana gwaji ne da bai yi ba, kuma ba ni da hurumin rubuta "babu".

Shekara takwas a St. John's

A 1997 ɗakin gwaje-gwaje na babban asibitin St. John's ya koma gwada ER da ɗan'uwansa PR, makarɓar furojestaron, wani sinadarin mata kamar istirojin, ta hanyar antibodi. Kafin nan ana niƙa ɗanyar tsoka ne a auna ta da sinadarai. Sabuwar hanyar ta fi sauƙi, tana aiki da tsokar da ke cikin kaki, kuma duniya gaba ɗaya ta nan ta nufa a lokacin. Lardin yana da mutum kusan rabin miliyan a warwatse, saboda haka asibitocin nesa su ke jiƙa tsoka a fomalin su sa a kaki, su aika St. John's a rina. Hannaye da yawa ke nan a kan tsoka guda, kuma ba wanda ke kallon tafiyarta daga ɗakin tiyata har zuwa takardar sakamako.

An yi gargaɗi, kuma a rubuce. A watan Afrilun 2003 wani likitan binciken tsoka ɗan asalin Najeriya da ke aiki a wurin, Dokta Gershon Ejeckam, ya rubuta wa abokan aikinsa cewa wasu daga rinin antibodi da lab ɗin, wato ɗakin gwaje-gwajen, ke fitarwa, har da ER da PR, ba abin dogaro ba ne, ya kuma dakatar da su na 'yan makonni har aka yi gyara. Bayan an koma aiki ya sake rubutawa, yana jan hankali kan muhimmancin jiƙa tsoka daidai da duba shaidar ciki, yana kuma kokawa kan ƙarancin wuri da ma'aikatan da suka keɓanta da wannan aiki. A nan ne zuciyata ta fi sosuwa a duk labarin. An gyara abin da za a yi gobe, amma ba wanda ya juya ya tambayi makomar matan da aka ba sakamako tun 1997 da wancan rinin da aka ce ba shi da tabbas. Tsokokinsu suna nan a ma'ajiya cikin kaki, matan da yawa suna raye, tamoxifen kuwa ƙwaya ce mai araha. Shekara biyu aka ƙara kafin a buɗe ma'ajiyar.

A 2004 lab ɗin ya bar tsohon injin Dako, wanda ke buƙatar hannu a matakai da dama, ya koma injin Ventana da ke yin kusan komai da kansa, har dafa gilashin. A kan wannan sabon injin aka sake gwada tsokar matar nan a 2005. Da tata ta juya, aka ɗebo wasu tsoffin da aka rubuta "babu" aka sake, su ma da yawa suka juya. Tambayar farko da ta taso ita ce wanne za a yarda da shi, tsohon injin ko sabon. Hukumar lafiya ta yankin, Eastern Health, wadda a shekarar ne aka kafa ta ta hanyar haɗe ƙananan hukumomi, ta dakatar da gwajin ta aika tsoffin tsokokin asibitin Mount Sinai da ke Toronto.

Ta kuma gayyato mutum biyu daga waje su duba lab ɗin: Dokta Diponkar Banerjee na hukumar kansa ta British Columbia, da Trish Wegrynowski, ƙwararriyar ma'aikaciyar lab daga Mount Sinai. Abin da suka gano bai tsaya a kan inji ba. Tsoka da yawa ba ta sha fomalin yadda ya kamata ba. Ba a kula da shaidar ciki ba, wasu gilasan ma babu lafiyayyen bututu a kansu sam, wasu kuma yana nan bai rinu ba amma aka sa hannu. Rubutattun ƙa'idojin aiki da bayanan abin da aka yi kowace rana sun yi ƙaranci. Ma'aikatan ba su sami horon da zai sa su fahimci dalilin kowane mataki ba, kuma lab ɗin bai kasance cikin tsarin da wata cibiya daga waje ke aiko da tsokar gwaji don a auna ingancin rininsa ba. Likitocin da ke karanta gilasan suna da yawa, suna kuma yawan sauyawa, kowa yana ganin kaɗan. Da mutum ɗaya ne ke ganin duka, ko da akwai mai haɗa alƙaluman shekara, da ya lura cewa masu "babu" sun yi yawa fiye da yadda aka sani a ko'ina.

Lissafin da gwamnatin lardin ta fitar a 2008 shi ne: cikin marasa lafiya 1,013 da aka sake gwada tsokarsu, 383 an ba su sakamako ba daidai ba, kuma 108 daga cikin waɗannan sun riga sun rasu. Ba za a ce kuskuren ne ya kashe dukansu ba, kansa tana kisa ko da an ba da maganin da ya dace. Amma kowace daga cikinsu an hana ta wata dama da take da haƙƙi a kanta.

Yadda aka sanar da mutane ya zama ciwo na biyu. Jaridar The Independent ta St. John's ce ta fara fallasa maganar a watan Oktoban 2005, wasu matan a kafafen labarai suka fara ji. A Disambar 2006 hukumar Eastern Health ta gaya wa 'yan jarida cewa mutum 117 ne aka sauya wa magani, ta yi shiru kan adadin waɗanda sakamakonsu ya juya. Sai a Mayun 2007 takardun kotu suka nuna cewa sun haura 300. Shugaban hukumar, George Tilley, ya ajiye aiki a watan Yuli, gwamnatin lardin, wadda Danny Williams ke jagoranta a lokacin, kuma ta kafa kwamitin bincike ƙarƙashin Mai Shari'a Margaret Cameron. Ana cikin zaman sauraron shaidu a 2008 ma aka riƙa gano waɗanda ba a taɓa tuntuɓa ba. Rahoton ya fito a watan Maris na 2009 da shawarwari 60, ya kuma ce gazawar sa ido da ɗaukar alhaki ta ratsa kowane mataki. A ƙarshen wannan shekarar aka sasanta ƙarar da marasa lafiya da iyalansu suka shigar a kan dalar Kanada miliyan 17.5.

Abin da ya biyo baya

A 2010 ƙungiyar likitocin kansa ta Amurka, ASCO, da ta likitocin binciken tsoka, CAP, suka fitar da ƙa'ida ta bai-ɗaya kan gwajin ER da PR, inda suka yi kiyasin cewa har kashi 20 cikin 100 na irin wannan gwaji a duniya na iya zama ba daidai ba. Mai karanta ƙa'idar zai ga yawancinta a kan abin da ke faruwa ne kafin antibodi ya taɓa tsoka. Daga cire tsoka zuwa shigarta fomalin kada a wuce awa ɗaya. Fomalin ya zama mai kashi 10 cikin 100 wanda aka daidaita tsaminsa. Jiƙon kada ya gaza awa 6, kada ya wuce 72. A rubuta lokutan nan a takarda. Idan ƙwaya ɗaya cikin 100 ta rinu, a ɗauka akwai ER. Idan kuma kansa ta fito "babu" alhali shaidar ciki ba ta rinu ba, ko irin kansar ba ta saba fitowa haka ba, a sake. A 2020 aka ƙara wani rukuni na masu ER kaɗan, daga kashi 1 zuwa 10, da buƙatar a faɗi halin da shaida take ciki a rahotonsu.

A ganina wannan shi ne daidai, domin tun ran gini tun ran zane. Fomalin a hankali yake ratsa tsoka, kimanin milimita ɗaya a awa. Nono guda da aka cire aka jefa cikin roba ba a tsattsaga shi ba, bayansa zai taurare, tsakiyarsa kuwa inda kansar take tana can tana narkewa. Na sha karɓar irin wannan: robar fenti da aka wanke, fomalin ko rabin tsokar bai rufe ba, ɗan'uwan mara lafiya ya riƙo ta a mota daga wani gari cikin zafin bazara, ba wanda ya rubuta ƙarfe nawa aka cire. In ka yanka sai ka ga gefen ya yi fari ya yi tauri, cikin kuma ja ne, laushi tuɓus. Ko wane irin antibodi ka saya, ko da nawa, furotin da ya riga ya lalace ba zai dawo ba. Kamfanin da ya ƙera kwalbar ya gwada ta ne a kan tsokar da aka kula da ita, saboda haka kowane lab sai ya sake tabbatar da ita a kan tasa tsokar, da nasa ruwan, da nasa injin, ya kuma maimaita duk sanda sabuwar kwalba ta zo ko firji ya kwana ba wuta.

Wannan magana ta taɓa mu kai tsaye. An daɗe ana cewa kansar mama a Afirka ta Yamma yawancinta ba ta da ER. Wani bincike da aka wallafa a 2009 kan tsokokin mata fiye da 500 daga Najeriya da Senegal ya sami ER a kusan kashi 24 cikin 100 kacal. Amma binciken da Farfesa Clement Adebamowo da abokan aikinsa suka wallafa daga Ibadan a 2008, inda aka kula da yadda ake sarrafa tsokar, ya sami ER a kusan kashi 65 cikin 100 na mata 192. Akwai bambanci na gaskiya tsakanin al'ummomi, matanmu sukan kamu suna da ƙuruciya, kansar matasa kuma ta fi yawan rasa ER. Sai dai tazarar da ke tsakanin 24 da 65 ta fi ƙarfin wannan bayani shi kaɗai, kuma da aka tattara bincike-binciken Afirka daga baya an ga cewa waɗanda suka yi aiki da tsoffin tsokokin ma'ajiya su ne suka fi samun "babu". Haɗarin a nan ya ninka na Newfoundland ta wata fuska: can yawan "babu" zai iya tayar da hankalin mai lura, nan kuwa mun riga mun sa wa ranmu cewa haka tamu kansar take, don haka gilashi shuɗi ba ya ba kowa mamaki.

Abin da nake yi a nawa teburin bai taka kara ya karya ba. Na roƙi ma'aikatan ɗakin tiyata su riƙa rubuta lokacin cire tsoka da lokacin sa ta a fomalin a jikin robar, ko da alƙalamin maka ne, su kuma kira mu mu tsaga babbar tsoka tun tana sabuwa. Wajen zaɓen guntun da za a rina, nakan nemi wanda ya haɗo da lafiyayyen nono a gefensa. Rannan aka kawo gilashin wata mata 'yar shekara arba'in da wani abu, kansar shuɗiya, bututun gefe ma shuɗi. Likitan da ya aiko yana sauri, iyalinta sun riga sun biya kuɗin gwajin da ƙyar. Na rubuta cewa gwajin bai yi ba, ba a iya yanke hukunci da wannan tsokar, na nemi a aiko da ɗan guntun da aka ɗiba da allura kafin tiyata, domin shi ƙarami ne, nan take ya sha fomalin. Bayan kwana tara ya iso, aka rina, kusan duk cibiyoyin suka fito ruwan ƙasa.